Hulhumale: Garin Da Aka Tono Daga Ƙarƙashin Teku

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako zan ba ku labarin wani gari na Musulmi da Allah ya nufe ni da ziyarta a tsakiyar Tekun Indiya. Sunansa Hulhumale, a ƙasar Maldif. Abin da ya raba shi da garuruwan da muka sani shi ne, kafin shekarar 1997 kusan duk ƙasarsa a ƙarƙashin ruwa take. Inda masallatai da makarantu da kasuwanni suke yau, a da kifi ne ke kai da kawowa. Mutane ne suka tono yashi daga gindin teku, suka tara shi har ya zama tudu, sa'an nan suka yanka unguwanni a kai. Na kwana a can, na yi salla da mutanen garin, na kuwa dawo da wata tambaya da ta shafi kowane ma'aikacin Gwamnati da kowane attajiri: ƙasar da ba wanda ya gada, ba wanda ya sare dajinta, wa ya fi cancanta ya zauna a kanta?

Ƙasar Da Kuɗinmu Ya Fito

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Bahaushe da wasu tsibirai da ke kudu maso yammacin Indiya. To, dangantakar ta daɗe. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi da sauran kasuwanni, wanda ake ƙirga 20,000 a ce keso guda, akasarinsa daga tekun Maldif aka tsamo shi, kafin na Zanzibar ya kwararo a tsakiyar ƙarni na 19. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Baturen nan Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin wuri 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. Jiragen Turawa kan ɗauko shi daga can su kai ƙasashensu, daga nan su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma, inda da yawansa ya tafi wajen sayen bayi. Wannan ɓangare na tarihin ba abin alfahari ba ne ga kowa.

Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ga ƙarshen hanyar biyu da idonsa. Ya isa Maldif wajen 1343, zamanin Sarauniya Hadija, har aka naɗa shi alƙali. Ya ba da labarin cewa a can wuri 400,000 ake bayarwa a kan dinari ɗaya. Bayan shekara kamar goma, da ya zo Mali da Gawo, sai ya tarar dinari ɗaya ba ya sayen fiye da wuri 1,150. A wannan tafiya ce ya biyo ta Takadda, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Fatake sun san abin da irin wannan tazara ta farashi take nufi.

Shi ne kuma ya kawo ruwayar yadda Musulunci ya shiga tsibiran ta hannun wani malami mahaddacin Alƙur'ani, Abul Barakat al-Barbari, wanda ya kwana yana tilawa a ɗakin da ake kai budurwa hadaya ga wani ifiritu na teku, har gari ya waye ifiritun bai ƙara dawowa ba. Littattafan tarihin ƙasar sun ajiye musuluntar sarkinsu a shekarar 1153, watau 548 bayan Hijira, kodayake wata ruwayar ta ce malamin mutumin Tabriz ne. A zamanin Ibn Baɗuɗa mutanen Malikawa ne kamarmu. Daga baya ne suka koma mazhabar Imamu Shafi'i, wadda suke kai har yau.

Birnin Da Ya Cika Ya Batse

Maldif tsibirai ne kusan 1,200, amma waɗanda ke da garuruwa ba su kai 200 ba. Daga cikin jirgin sama sai ka ga kamar an watsa tsakiyoyi a kan shuɗin zane. Ba dutse, ba tsauni, ba kogi. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar bai kai tsayin mita ɗaya bisa ruwan teku ba. Ƙasar ta sami mulkin kai daga Ingila a 1965, ta zama jamhuriya a 1968, sa'an nan a 1972 aka buɗe masaukin baƙi masu yawon shaƙatawa na farko. Daga nan kuɗi suka fara shigowa, kuma kamar yadda aka saba, suka taru wuri guda, watau Male, babban birnin ƙasar.

Babban asibiti yana Male, manyan makarantu da ofisoshin Gwamnati suna Male, tashar jiragen ruwa da manyan kantuna ma haka. Wanda ɗansa ya gama firamare a wani ɗan tsibiri mai nisa, ko wanda mahaifiyarsa ke bukatar likita kowane wata, ba shi da zaɓi sai ya taho. Shi kuwa tsibirin Male girmansa duka bai wuce murabba'in kilomita 2 ba. Mai ƙafa yana kewaye shi cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. An riga an cike bakinsa da ƙasa har an kai gefen dutsen murjanin da yake zaune a kai, daga nan sai zurfi. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen ƙasar, har da baƙi, sun ɗan haura 500,000, kuma wajen 4 cikin kowane 10 suna zaune a Male da kewayenta.

Na shiga birnin da hantsi. Lunguna ne ƙunci, babura kamar ƙudan zuma, benaye sun haɗa kafaɗa har rana ba ta sauka ƙasa sai ta take tsaka. A tsakiyar wannan cunkoso ne tsohon Masallacin Juma'a yake, wanda Sarki Ibrahim Iskandar ya gina a 1658 da sassaƙaƙƙen dutsen murjani, an shigar da duwatsun cikin juna kamar aikin kafinta. Daura da shi akwai hubbaren da aka ce na Abul Barakat ne. Ba da nisa ba ga babbar Cibiyar Musulunci mai ƙubbar zinariya, wadda aka buɗe a 1984, tana ɗaukar masallata wajen 5,000. Da an kira salla sai ka ga masu kantuna suna jawo ƙofa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba a kan titi na gan shi ba. Wani malamin makaranta da muka saba da shi a masallaci ya faɗa mini yadda ya tashi a Male: shi da iyayensa da ƙannensa maza da mata a ɗaki guda na haya, ana dafa abinci a bakin ƙofa, ana karɓa-karɓar wurin kwanciya. Ya ce mafi yawan albashin mahaifinsa a haya yake ƙarewa. Ya ce matasa da yawa kan kai tsakar dare a kan titi don kawai babu inda za su zauna a gida, daga nan kuwa wasu suke faɗawa shaye-shaye.

A nan nake so mu tsaya mu yi tunani. Shari'a ta umurce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Suratun Nur ta koya wa yara da masu hidima neman izini kafin shiga wurin manya a lokuta uku: kafin sallar Asuba, da lokacin ƙailula, da bayan sallar Lisha. An wajabta wa miji ya ba matarsa mazauni da ya dace da ita. To, yaya mutum takwas a ɗaki ɗaya za su tsayar da waɗannan? Wa zai nemi izinin wa, alhali ko labule babu wurin ratayawa? Malami na iya shekara yana wa'azi a kan kunya da sutura, amma in bango bai samu ba, rabin wa'azin ya tafi a iska. Saboda haka maganar muhalli magana ce ta addini tun daga tushenta, ko da injiniyoyi da akawuna ne ke riƙe da takardunta.

Yadda Aka Yi Tudun

Bayan cunkoso, akwai barazanar teku. A watan Afrilu na 1987 manyan igiyoyi suka haura suka malale wani babban yanki na Male. A wannan shekara ce shugaban ƙasar na lokacin, Ma'amun Abdul Ƙayyum, ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kashedi cewa hauhawar ruwan teku na iya shafe ƙasarsa. Dattawan Kano za su iya tuna shi, domin bayan ya gama karatu a Azhar ya koyar da darussan Musulunci a Kwalejin Abdullahi Bayero daga 1969 zuwa 1971. Ya mulki Maldif daga 1978 zuwa 2008, mulkin da 'yan adawa suka yi ta kuka da tsananinsa. Bayan ambaliyar, ƙasar Japan ta taimaka aka kewaye Male da katangar kankare mai karya ƙarfin igiya.

Katanga tana tsare abin da ke akwai, amma ba ta ƙara ko taki. Saboda haka aka dubi wani wuri arewa maso gabas da Male, kusa da tsibirin Hulhule inda filin jirgin sama yake. Wuri ne marar zurfi da dutsen murjani ya kewaye kamar akushi. Ran 16 ga Oktoba, 1997, aka fara aikin cike shi. Dabarar ita ce, jirgin yashe yana zuƙo yashi da ɓarɓashin murjani daga gindin teku, ya turo su haɗe da ruwa ta cikin manyan bututu, ya amayar a inda ake so. Ruwan ya tsiyaye ya koma teku, yashin ya zauna. A bi da manyan motoci a baje, a daddaɓe, a jera duwatsu a gefe don kada igiya ta kwashe. Haka aka yi ta yi har zuwa 2002, aka sami fili hekta 188, watau eka 460 da ɗoriya, aka kuma ɗaga shi wajen mita 2 bisa ruwa, ninki biyu na tsayin yawancin Male.

Ran 12 ga Mayu, 2004, aka buɗe garin da mutum kamar 1,000. Watanni bakwai bayan haka, ran 26 ga Disamba, igiyar sunami ta auka wa ƙasashen Tekun Indiya. A Maldif mutum fiye da 100 suka rasu ko suka ɓace, wasu tsibiran kuma ruwa ya ratsa su daga wannan gefe zuwa wancan, har mutanensu suka tashi ba su koma ba. Tun daga ranar ba a ƙara gardama mai yawa a kan amfanin tudu ba. A 2015 wani kamfanin Beljiyam ya cike kashi na biyu, hekta 244, cikin watanni ƙalilan, domin jiragen yashe na zamani sun fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba. A watan Agusta na 2018 aka buɗe gadar Sinamale, wadda ƙasar Sin ta gina da taimako da kuma rance, ta haɗa Male da tsibirin filin jirgi, daga can kuma hanya ta miƙe zuwa Hulhumale. Tafiyar da a da sai an jira jirgin fito, yanzu mota ce ko babur. Ƙidayar 2022 ta sami mutum sama da 65,000 a garin, shirin Hukuma kuwa shi ne ya ɗauki har 240,000.

Abin Da Ido Ya Gani

Wanda ya fito daga Male ya shigo kashi na farko na Hulhumale sai ya ji kamar an cire masa dutse daga ƙirji. Tituna ne masu faɗi, miƙaƙƙu, an dasa itatuwa a gefe, an bar wa masu tafiya da ƙafa nasu wuri. Akwai babban lambu a tsakiyar gari inda mata da yara ke fitowa da la'asar sakaliya. A gefen gabas akwai bakin teku mai farin yashi, da ƙananan masaukai inda baƙi ke kwana kafin su wuce tsibiran shaƙatawa. Ba a sayar da giya a garin, kamar yadda dokar ƙasar ta hana a duk tsibirin da jama'a ke zaune. Ruwan famfo kuwa ruwan teku ne da aka cire wa gishiri da inji. Mutanen Male ba su manta da Disambar 2014 ba, lokacin da gobara ta kama injin ruwansu, birnin ya yi kwanaki ba ruwa, sai da Indiya da Sin da Sirilanka suka yi ta aiko da shi ta jiragen sama da na ruwa.

Na yi sallar Magariba a babban masallacin garin mai ƙubba ruwan zinariya. Da na shiga sai jikina ya nemi juyawa gabas bisa al'ada, sai na ga sahu ya fuskanci arewa maso yamma, domin Makka ta wannan ɓangaren take daga can. Liman ya bayyana Bisimilla a Fatiha, da Asuba kuma ya yi Alƙunutu a bayyane bayan ruku'u, jama'a na cewa amin, bisa koyarwar Shafi'iyya. Ina cikin sujada sai tunani ya zo mini cewa wannan wuri da goshina ke taɓawa, shekarun baya kaɗan ruwa ne. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya hore wa ɗan Adam teku, ya kuma sanar da shi abin da bai sani ba.

Kashegari na haye zuwa kashi na biyu, a nan kuwa sai labari ya sha bamban. Tun daga nesa ake hango dogayen benaye 16, kowanne hawa 25, sun tsaya cirko-cirko kusa da juna. Sunan aikin Hiyaa, watau inuwa ko mafaka a harshen Dibehi. Wani kamfanin ƙasar Sin ya gina su da kuɗin rance, sassansu sun kusa 7,000, kowanne ɗaki biyu da falo. An fara shiga a 2021. Jaridun ƙasar sun yi ta kawo koke-koken mazauna: an miƙa gidajen ba a ƙarasa cikinsu ba, sai wanda aka ba ya nemi kuɗi ya ƙarasa da kansa, ga dogon jira a bakin na'urar hawa da sauka safe da yamma, ga matsalar shara da ƙarancin wurin wasan yara. Duk da haka malamin nan da na ambata, wanda yanzu a ɗaya daga cikinsu yake, ya ce mini ranar da ya rufe ƙofar ɗakin 'ya'yansa mata, ya koma nasa ɗakin, sai da ya yi sujadar godiya.

Bayan sallar Lisha na zauna da wani dattijo da ya baro tsibirinsu na kudu ya biyo 'ya'yansa. Da ɗan Larabcinsa da nawa muka fahimci juna. Ya ce a garinsu in aka yi rasuwa kafin a gama wanka kowa ya hallara, in jirgin kamun kifi ya dawo kuwa ba gidan da zai kwana bai ɗanɗana ba. A nan kuwa, in ji shi, ya shekara bai san sunan wanda ke bayan bangonsa ba, kuma saukowa daga hawa na ashirin sau biyar a yini ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ciwon gwiwa, don haka yawancin sallolinsa a ɗaki yake yi. Bai zargi kowa ba. Ya ce dai an ba su gida, saura a ba su unguwa.

Maganarsa ta tuna mini da mutanen Giraabaru, wani ɗan tsibiri kusa da Male, waɗanda ake ɗauka su ne mafi daɗewa a yankin. A 1968 aka tashe su saboda teku ta cinye ƙasarsu kuma yawansu ya ragu. Ana cewa mazajensu sun kasa kai 40 ɗin da mazhabar Shafi'i ta shardanta kafin a tsayar da Juma'a, inda mu Malikawa muke cewa 12 ban da liman. Aka kai su Hulhule, da aka zo faɗaɗa filin jirgi aka sake mayar da su Male, a can suka narke cikin jama'a. A idon fiƙihu jama'ar da ke taruwa ita ce gari. Duk lokacin da wani iyali ya sami sashe a Hulhumale, akwai wani ƙaramin tsibiri da sahunsa ya ragu da mutum ɗaya ko biyu.

Ƙasar Wa Ce?

Malaman fiƙihu suna da babi da suke kira ihya'ul mawati, watau raya matacciyar ƙasa wadda ba ta da mai ita. Asalin hukuncin shi ne wanda ya raya ta, ta hanyar gini ko shuka ko jawo ruwa ko janye shi, ya mallake ta. Imamu Abu Hanifa ya ce sai da izinin shugaba. Imamu Shafi'i ya ce ba a bukatar izini. Malikawa suka raba: in tana kusa da gari sai da izini, domin jama'a na da hakki a cikinta, in kuwa tana nesa ba sai da shi ba. Janye ruwa daga ƙasar da ya rufe yana cikin hanyoyin rayawa da malamanmu suka lissafa, saboda haka aikin Hulhumale ba baƙo ba ne ga littattafanmu, girmansa ne kawai sabo.

Sai dai a nan ba wani mutum ɗaya ne ya raya ƙasar da guminsa ba. Baitulmali ne ya biya, da kuɗin jama'a da bashin da jama'a za su biya, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Masunci da ke can ƙarshen kudu, wanda bai taɓa taka Hulhumale ba, yana da rabo a cikin kowace ƙwayar yashinta. Kamfanin Gwamnati da ke kula da garin wakili ne kurum. Ashe kuwa duk wanda aka damƙa wa alƙalamin rabo, dukiyar marayu da gajiyayyu aka damƙa masa.

A kan wannan rabo ne aka fi samun rigima. A Maldif kowane gida yana da suna, kuma kowane ɗan ƙasa a rubuce yake a wani gida na wani tsibiri. Waɗanda suka zama 'yan Male amma ba su da gidan da za a rubuta su a ciki, sai a sa su a wani littafi na Hukumar birni da suke kira daftaru, kalmar da muka sani da daftari. Akwai waɗanda suka shekara da shekaru a cikinsa suna jira. Jerin sunayen waɗanda aka ba gidajen Hiyaa a ƙarshen mulkin Abdullahi Yamin ya jawo ƙorafi, har Gwamnatin Ibrahim Salih da ta hau a 2018 ta kafa kwamiti ya sake tantancewa, aka tarar da sunaye da yawa da ba su cika sharuɗɗa ba. Ita ma da ta fito da nata shirin na raba fulotai kyauta ga 'yan asalin Male, sai mutanen sauran tsibirai da suka daɗe suna biyan haya a birnin suka ce an ware su a ƙasarsu. Ka ji ikon Allah: ƙasar da ba kakan kowa ya sare ba, ga shi ana jayayyar ɗan asali da baƙo a kanta.

Akwai kuma wasu masu hakki da ba a sa su cikin jerin kowa. Na farko su ne leburorin da suka ɗauki siminti da rodi, akasarinsu Musulmi 'yan Bangaladash, waɗanda ke kwana a cunkushe fiye da yadda 'yan Male suka taɓa yi. A 2020, lokacin annobar korona, wasunsu sun fito zanga-zanga a kan albashin da aka riƙe musu wata da watanni. Addininmu kuwa ya tsananta ƙwarai a kan jinkirta hakkin ma'aikaci. Na biyu ita ce tekun kanta. Murjani halitta ce mai rai, ita ke karya igiya kafin ta iso gaɓa, ɓarɓashinta ne kuma ke zama yashin da tsibiran suke a kai. Ƙurar da jirgin yashe ke tayarwa tana sauka a kansa ta shaƙe shi, masunta kuma su rasa wuraren da suke kamun ƙananan kifin da suke yin tarko da shi. Suratur Rum ta ja kunnenmu game da ɓarnar da hannayen mutane ke jawowa a tudu da teku. Duk da haka aikin cike teku bai tsaya ba, domin a Disambar 2023 Gwamnatin Muhammad Mu'izzu ta ƙaddamar da wani sabo mai suna Ras Male, wanda aka tsara ya fi Hulhumale girma fiye da ninki biyu.

Abin Da Na Dawo Da Shi

Ban ga dalilin da zai sa a zargi mutanen Maldif don sun nemi tudu ba. Wanda ruwa ya kewaye, ɗaki ya yi masa kaɗan, dole ya yi dabara, kuma dabarar tasu ta fitar da dubban iyalai daga ƙunci zuwa sutura. Abin da na gani shi ne, tara yashi ya fi raba shi sauƙi. Injin da ya cike hekta 244 cikin watanni bai iya tsara jerin sunaye na adalci ba, bai kuma iya sa maƙwabci ya san maƙwabcinsa ba. Wannan aikin zukata ne da tsoron Allah.

Saboda haka, ya ɗan'uwa ma'aikaci, in takardar rabon fuloti ko gidan Gwamnati ta biyo ta teburinka, ka tuna cewa a bayan kowane suna da ka tsallake akwai yara maza da mata da suka wuce shekara goma suna kwana a tabarma ɗaya. In kai ne mai zana unguwa, ka bar wa masallaci da makaranta da filin yara wurinsu kafin ka yanka na kantuna, ka kuma tuna da tsoho mai ciwon gwiwa. Kai kuma ɗan'uwa attajiri mai gidajen haya, halal ne ka ci ribar gininka, amma kafin ka ƙara kuɗi a sabuwar shekara ka tambayi kanka nawa zai rage wa mai hayar ya ciyar da iyalinsa, ka kuma biya magina da leburori hakkinsu a kan lokaci. Wanda Allah ya yalwata wa, ya sani gina gida a yi waƙafinsa ga marasa hali sadaka ce mai gudana, kamar gina masallaci da haƙa rijiya.

Ranar da zan taso, jirginmu ya yi kwana a bisa garin, na leƙa ta taga na ga benayen Hiyaa da ƙubbar masallaci, ruwa ya kewaye su ta ko'ina. Na yi wa mutanen addu'a Allah ya tsare su daga sharrin igiya, ya ba shugabanninsu ikon riƙe amana. Mu ma Allah ya ba mu ikon sauke wadda ke wuyanmu, ya suturta mu duniya da Lahira, amin.